A Nemo Mahaƙan Gawayin Anu-Araren Tun Suna Raye

A shekarar 1975 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar gawayin ƙasa a Anu-Araren, kusa da Cirozerin cikin jihar Agadas. Daga 1981 tashar lantarkinsa ta soma ba da wuta ga ma'adinan uraniyom na SOMAIR da COMINAK, da garuruwan Agadas da Arlit. Ke nan kuɗin uraniyom da aka biya albashin ma'aikatan gwamnati da su, aka gina manyan gine-ginen Yamai, akwai gumin masu haƙar gawayi a cikinsu.

Saurayin da ya shiga wannan aiki yana da shekara 25 a 1980, ya cika 70 a 2025. Lokaci ya yi da hukuma za ta tambayi kanta inda shi da abokan aikinsa suke.

Tambayar ta shafi kudancin Damagaram. Farin 1973 da 1974, da ciwon da ya halaka gyaɗa a 1975, sun karya arzikin ƙasar Magariya, samari suka bazu neman abinci, wasu Kano, wasu Libiya, wasu ma'adinan arewa. Wanda ƙarfinsa ya ƙare gida yakan komo. To, dattijon da ya komo wani ƙauyen Mallawa ko Dungas, da tari a ƙirji da takardun albashi da gara ta ci, ta wace hanya zai bi haƙƙinsa a asusun CNSS? Matar da mijinta ya rasu, wa zai sanar da ita cewa doka ta tanadi kaso ga iyalin ma'aikaci? Ɗan ƙwadagon da ya yi aiki ƙarƙashin ɗan kwangila ya fi kowa saurin ɓacewa daga lissafi.

Akwai abin koyi. A 2011 an kafa wata cibiya a jihar Agadas don bin lafiyar tsofaffin ma'aikatan uraniyom. Ƙurar gawayi ma tana ɓata huhu, kuma cutar takan bayyana ne bayan shekaru masu yawa. A Najeriya kuwa, har yau ana tunawa da mahaƙa 21 da ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley, Inugu, ranar 18 ga Nuwamba 1949, domin an ajiye labarinsu.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi masu yawa. Kamfani da CNSS su haɗa rajistocinsu, su fitar da sunaye gunduma-gunduma. Magadan gari, sarakuna da masu gari su yi shela a kasuwanni da gidajen rediyon karkara. Wanda aka samu, likita ya duba huhunsa kyauta, a warware masa batun fanshonsa. Ɗaliban jami'ar Damagaram da masu bincike na IRSH su ɗauki muryoyinsu: yadda aka ɗauke su aiki, nawa aka biya su, wa ya ji rauni, wa ya rasu.

Ƴan kasuwa su ma suna da rawar takawa, don ranar kasuwa babu labarin da ba ya ratsa rumfunansu. Ƙungiyoyin ƙwadago kuwa, wannan aikinsu ne tun asali. Jinkirin ofisoshi ba ya tsayar da shekarun waɗannan dattawa. Ya kamata a soma neman su a bana.