Auna Abin da Ɗalibi Ya Iya: Darasi Daga Tsangayar Injiniya

A cikin watan Agusta na shekarar 2021, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, gadar da ke Radabi a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka ta karye. Wata motar fasinja ta afka ciki, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su da rahama. Ban kawo wannan labari don in ɗora wa wani laifi ba, domin ruwa idan ya zo da ƙarfinsa yakan fi ƙarfin lissafi. Na kawo shi ne don a ga cewa duk matafiyin da ya hau gada ya danƙa ransa, bayan kiyayewar Ubangiji, ga ilmin wani mutum da bai taɓa gani ba. Shi kuwa wannan mutum wasu malamai ne suka koyar da shi, suka jarraba shi, suka sa hannu a kan cewa ya iya. To, da wane ma'auni suka auna?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun masu koyar da aikin injiniya a duniya. A da, idan za a tantance tsangaya, abin da ake ƙirgawa shi ne yawan malamai da digirorinsu, da littattafan ɗakin karatu, da sa'o'in da aka ware wa kowane kwas. A shekarar 1989 hukumomin tantance karatun injiniya na wasu ƙasashe shida, ciki har da Amurka da Birtaniya, suka ƙulla Yarjejeniyar Washinton don su amince da digirorin juna. Sannu a hankali ma'aunin ya koma kan abin da ɗalibi zai iya aikatawa ranar da ya bar jami'a. Hukumar COREN, wadda ke kula da sana'ar injiniya a Nijeriya tun 1970, ta samu shiga wannan yarjejeniya a matsayin mamba ta wucin gadi a shekarar 2023. Kafin nan, a watan Disamba na 2022, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta.

Yadda tsarin yake shi ne a fara daga ƙarshe. Malaman sashe za su zauna su rubuta abubuwan da suke so ɗalibi ya iya bayan shekara biyar na karatu. Alal misali, a ce ɗalibin da ya karanta gine-gine da hanyoyi zai iya fitar da girman kwalbatin da zai ɗauke ruwan wani kwari, ta la'akari da faɗin ƙasar da ke zubo ruwa cikinsa, da ƙarfin ruwan saman yankin, da irin ƙasar wurin, ko mai shanye ruwa ce ko mai kora shi. Daga nan sai a bi kwasa-kwasai ɗaya bayan ɗaya a tambaya: a wane kwas zai koyi lissafin gudun ruwa? A wane zai koyi halin ƙasa? A wane zai kwaɓa kankare da hannunsa, ya bar shi kwana 28, sannan ya gwada ƙarfinsa a na'ura? Kwas ɗin da aka rasa inda ya shiga sai a sake duba amfaninsa, ƙwarewar da aka rasa mai koyar da ita kuma sai a nema mata gurbi. Bayan jarrabawa kuwa, sai a tattara maki bisa kowace ƙwarewa daban, a ga inda ɗalibai suka gaza, a gyara koyarwar a zango mai zuwa.

A ganina wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma shi ne ya tona asirin irin jarrabawar da muka saba da ita. Kowa ya san umarnin nan na saman takarda: amsa tambayoyi huɗu daga cikin shida. Ɗalibi mai wayo tun tsakiyar zango yake zaɓen babin da zai yi wa ƙaura. Sai ya haddace ma'anoni da rabe-rabe, ya tsallake tambayar lissafi, ya tara makin da zai fitar da shi, a rubuta masa ya ci. Babu wanda ya yi maguɗi, amma takardar ta ba da shaidar abin da ba ta gani ba. Ranar da aka tura shi bakin rafi a ƙasar Gwaram, ruwa ba zai ba shi zaɓin huɗu cikin shida ba.

Hasali ma, ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Maƙeri ba ya sallamar yaronsa don ya iya lissafa sunayen uwar maƙera da zugazugi da awartaki. Sai ya ƙera fartanya an kai ta gona ta dawo lafiya. Haka magini, haka majemi. A tsangayar allo ma, mai da'awar hadda zama yake yi gaban alarammomi ya karanta da ka, wani ma har ya rubuta. Mu ’yan boko ne muka mayar da bayanin aiki a madadin aikin.

Sai dai akwai abubuwan da ke sa ni ɗari-ɗari. Na farko, tsarin yana iya rikiɗewa ya zama cike takardu kawai. Malami mai ɗalibai ɗaruruwa a aji guda, ga na'urar gwaji ta lalace, ga wutar lantarki ba tabbas, zai iya zana jadawali mai kyau wanda ya haɗa kowace tambaya da ƙwarewarta, ya ajiye don ranar da masu tantancewa za su zo, ya ci gaba da karanta wa ɗalibai tsohon littafinsa na rubutu. Waɗanda suka yi ƙaramar sakandare a farkon tsarin 6-3-3-4, cikin shekarun 1980, suna tune da injinan koyon fasaha da aka shigo da su daga ƙasashen waje, waɗanda da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malami. Na biyu, ba kowane abu ne ke shiga ma'auni ba. Amanar da za ta hana injiniya rage siminti ko rodi alhali ba mai ganinsa, ana iya rubuta ta cikin manufofi, amma ba na jin akwai tambayar jarrabawa da za ta kamo ta. Duk da haka, waɗannan dalilai ne na a yi aikin da gaske, ba su isa hujjar komawa gidan jiya ba.

Game da kashi 30 ɗin nan kuwa ina da buƙata. Yaran Birnin Kudu da Gwaram da ke sha'awar wannan fanni suna tafiya Zariya, ko Jami'ar Bayero, ko Wudil, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Kamata ya yi ayyukan da ake auna su da su su fito daga ƙasar da za su dawo su yi wa aiki: zaizayar ƙasa, da kwalbatocin da damina ke cinyewa, da famfunan burtsatse da ke tsayawa. Daga cikin siffofin da yarjejeniyar ta zayyana wa mai digiri har da iya isar da bayani ga jama'a. Jama'ar Basirka da Hausa za a yi musu bayani, wasu ma da Fulatanci. Dattijon da ya shekara sittin yana kallon rafi ya san inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar babbar ambaliya, kuma wannan sani ba ya cikin taswira. Injiniyan da bai iya durƙusawa ya gaishe shi ya tambaye shi da harshen da yake ji ba, ya yi asarar ma'auni guda. Me zai hana a sa ɗalibi ya bayyana aikinsa na ƙarshe da Hausa na minti goma, a ba shi maki a kai?

Mai karatu zai iya cewa, mu da muke shirin koyar da Hausa a firamare da ƙaramar sakandare, ina ruwanmu da kankare? Ruwanku ne ƙwarai. Jimlar nan da kuke rubutawa a shirin darasi, wato a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya kaza, jikar wannan tunani ce. Ralph Tyler ya shimfiɗa shi a 1949, Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan fahimta a 1956, tun daga tuna abu har zuwa yanke hukunci a kansa. Abin takaici, yawancin tambayoyinmu a matakin farko suke tsayawa. Na sha duba takardar ɗalibin da ya kawo ƙa'idojin raba kalmomi daidai ba kuskure, amma a cikin amsar tasa ya rubuta “yazo” da “zasu” a haɗe. Ka'idar tana kansa, ba ta sauko hannunsa ba, kuma da wannan hali na hadda zai shiga ajin lissafi, da shi zai isa jami'a.

Saboda haka, idan kun fita koyarwar gwaji kuka rubuta cewa ɗalibai za su iya raba kalmomi, kada ku tambaye su su kawo ƙa'idoji biyar. Ku yi musu shifta ta layi goma, ku ƙirga yara nawa suka raba wakilin suna da aikatau, yara nawa suka sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ. Idan talatin daga cikin hamsin suka faɗi a wuri guda, ku rubuta adadin a bayan shirin darasinku, ku nuna wa malamin da ya zo duba ku, sannan ku sake darasin ranar Litinin ta wata hanyar.