Kafin Mu Dangwala, Mu Tambayi 'Yan Takara Zancen Asibiti

Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya gabato, babu ɗan takarar ciyaman ko kansila da ba ya alkawarin "inganta kiwon lafiya". Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta da kai balle ƙafa. A ganina, 'yan'uwa, lokaci ya yi da mutanen Ungogo za su daina karɓar irin wannan alkawari a dunƙule.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙaramar hukumar nan tana da mazaɓu 11, kuma ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 360,000 a cikinta, balle yanzu da birnin Kano ya tumbatso har Rijiyar Zaki da Bachirawa. Da cutar mashaƙo ta ɓarke a Jihar Kano a ƙarshen 2022 ta shiga 2023, Ungogo na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. Alhali allurar da ke kare yaro daga mashaƙo kyauta ce, ana yin ta yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Yawancin yaran da suka kamu ba su sami cikakkiyar allurar ba. Wannan aikin ɗakin shan magani na mazaɓa ne, ba na babban asibitin cikin birni ba.

Kada wani ɗan takara ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Tsarin mulki na 1999 ya sa kula da lafiya cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko. Ran 11 ga Yuli, 2024 kuma, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Saboda haka, in ɗan takara ya zo gaisuwa, a karɓe shi da mutunci, sa'an nan a tambaye shi. Wane ɗakin shan magani zai gyara, na Panisau ko na Gayawa? Ungozoma nawa za ta riƙa kwana a wurin, domin naƙuda ba ta jiran gari ya waye? Wa zai kula da firijin ajiye allura in babu wuta? Wane wata za a gama? A rubuta amsarsa a gaban shaidu, a ajiye.

Mu ba baƙi ba ne a wannan hidima. Asibitin kutare na Yadakunya, wanda mishan ta SIM ta daɗe tana riƙe da shi kafin ya koma hannun gwamnati, bai taɓa tambayar majinyaci addininsa ba. Cuta ma ba ta tambaya. Don haka mu haɗa baki da maƙwabtanmu Musulmi, mu shiga kwamitin raya mazaɓa, iyaye mata kuma su kasance a gaba.

Wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu, ya rufe bakinsa da kansa har shekarun mulkin su ƙare. Wanda ya zauna a gida kuma, wasu sun zaɓa masa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a nemo katin zaɓe tun yanzu, a duba katin rigakafin yara kuma. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka.