Ra'ayinmu: Cin Bashi Domin Gina Makarantu

A shekarar 2013 Jihar Osun ta sayar da takardun lamuni na Sukuk, ta tara Naira biliyan 11.4 ta gina makarantu, ba tare da kuɗin ruwa da shari'a ta hana ba. Amma a 2015 farashin mai ya faɗi, bashi ya yi wa jihar katutu, manyan ma'aikatanta suka koma karɓar rabin albashi.

In Gwamnatin Sakkwato za ta bi wannan hanya domin Wurno, Goronyo da Rabah, mahaifar Sardauna, muna goyon baya, amma bisa sharaɗi. A fara tabbatar da albashin malamai. Sannan a manna sunan kowane ɗan kwangila da kuɗin aikinsa a ƙofar makarantar, talakawan da za su biya bashin su gani.