Littafin girki na cikin salula: a yi lissafi kafin a biya

Ƴan uwana ƴan kasuwa, maza da mata, musamman iyayenmu mata masu sana'ar abinci a Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya shigo mana ta cikin salula, wanda wasu ke murna da shi, wasu kuma ya hana su barci. Ina nufin littattafan girki da ake sayarwa ta waya, waɗanda masu su ke cewa za su koya wa mace yadda za ta dafa abincin restora a cikin gidanta, har maigida ya daina cin abinci a waje.

Ga wanda bai taɓa gani ba, littafin nan ba na takarda ba ne. Kuɗi za ki tura, sai a turo miki shi ta WhatsApp, da rubutu da hotuna, wani lokaci har da bidiyo. Galibinsu daga Kano da Kaduna da Abuja suke fitowa, akwai kuma na Faransanci daga Yamai da Abijan. A ciki za ki ga shawarma, da kaza irin ta gidan abinci, da soyayyar shinkafa, da kek, har da tsire da kilishi. Hotunan kuwa, sai yawun mutum ya tsinke.

Ran wata kasuwa wata dattijuwa mai tuwo ta tare ni da maganar. Ta ce, "Ɗana, kai da kake rubutu a jarida, gaya mini gaskiya. In kowace mace ta iya abin da muke yi, wa zai zo ya saya?" Na ce, "Inna, kwantar da hankalinki." Amsar da ban samu sukunin ba ta ba a cikin hayaniyar kasuwa, ita ce zan bayar a nan.

Da farko dai, abin ba sabo ba ne a duniya. A Amurka, tun shekarar 1993 wani mutum mai suna Todd Wilbur ya buga littafi mai suna Top Secret Recipes, inda ya riƙa kwaikwayon abincin manyan kamfanoni yana bayyana wa mutane yadda za su yi irinsa a gida. Littafin ya samu kasuwa sosai, ya kuma ƙara wasu a bayansa. Kamfanin KFC mai soya kaji, wanda ke tinƙaho da haɗin kayan yaji 11 da ya ɓoye, an sha kwaikwayon kazarsa. To yau fiye da shekara 30 ke nan, gidajen abincin nan ba su rufe ba, sai ma ƙara rassa da suka yi, har a Najeriya maƙwabciyarmu. Mutanen da galibinsu ke da murhu da firiji a gida ke nan fa.

Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya tashi a gidan sana'a. Ni mahaifiyata tuwo ta sayar a bakin tasha, da shi aka yi mini kuɗin littafi da riga. Ban taɓa ganin ta ɓoye wa kowa abin da take sa wa a miya ba. Kuka ce, da daddawa, da tonka, da albasa, da ƙashi. Maƙwabta suna shigowa suna gani. Amma miyarta daban take, domin tun kafin kiran assalatu tukunyar ke kan wuta, kuma tukunya ce ta ciyar da mutum hamsin, wadda ƙashin da ke cikinta kaɗai ya fi naman da gida guda ke saye a mako. Babu littafin da zai sa ƙaramar tukunyar mutum shida ta ba da wannan ɗanɗano, ko da an bi shi harafi da harafi.

Sannan a dubi su wa ke ci. Direban da ya taso daga Maraɗi zai wuce Damagaram, ya tsaya a Tasawa, ba rashin iya girkin matarsa ya zaunar da shi a kan bencinki ba. Haka manomin da ya kawo wake daga Korgom ko Maijirgi, da mai awaki daga Kanambakashe ko Isawan da ya kwana a hanya don ya riski kasuwar Mayahi, da ɗan dako, da ɗan kamasho. Gidajensu na nesa, yunwa kuma tana kusa. Da yawansu ma ci suke yi a rubuta, sai kasuwa ta tashi su biya, wani sai kasuwa mai zuwa. Wace salula ce za ta ba mutum tuwo bashi?

Ku ɗauki kilishi, abin da sunan Tasawa ya yi nisa da shi, wanda matafiyi ba ya son ya wuce bai riƙa wa iyali tsaraba ba. Na ga littafin da ya ce za a koya wa uwargida kilishi cikin shafi ɗaya. Abin da aka rubuta ba ƙarya ba ne: a samu nama marar kitse, a yanka shi fale-fale, a shanya, a tsoma cikin haɗin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a gasa. Ko yaron mahauta ya san wannan. Abin da shafin bai ɗauka ba shi ne wuƙar. Mutum zai riƙe tsoka guda ya yi ta warware ta har ta zama kamar zane, ba ta huje ba, ba ta tsinke ba, kuma wannan shekaru ake yi ana koyonsa a gaban manya, da yankan yatsa da faɗa. Akwai sanin rana, akwai sanin lokacin da za a ɗauke daga wuta kafin tunkuza ta ƙone ta yi ɗaci. Ga shi nama in ya bushe fiye da rabin nauyinsa ke tafiya. Uwargidan da ta sayi kilo guda a farashin kasuwa don ta yi kilishi, in ta auna abin da ya rage mata, za ta gane cewa mai kilishin bakin hanya ba cutarta yake yi ba.

Saboda haka ni tsorona ba a kan mai tuwo yake ba. Tsorona yana kan aljihun mai sayen littafin.

Wata ƙanwata, matar aure a Mayahi, ta tura jika biyu aka turo mata irin wannan littafi. Da na je gaishe su ta miƙo mini wayar ta ce, "Yaya, duba mini wannan, na kasa gane kansa." Na duba. Komai da giram aka auna shi, ita kuwa da tiya da gwangwani da ludayi ta san awo. An ce a gasa a murhun gashi mai zafin digiri 180 na minti 40, ita kuwa duwatsu uku gare ta da ƴar tukunyar gaz mai kilo 6 da ake lallaɓawa don shayin safe. An ce a sa a firiji ya kwana. An lissafa kayan haɗi goma sha wani abu, huɗu daga ciki ko sunansu ba a taɓa ji ba a kasuwar Mayahi, sai an aika Maraɗi, wataƙila ma sai Kano. Da ta nemi mai littafin don ƙarin bayani, shiru. Ba na cewa matar ta yi damfara, don abin da ta rubuta mai yiwuwa daidai yake a ɗakin girkinta. Ɗakin girkinta ne ba irin namu ba.

Duk da haka ƙanwar tawa ta dage sai ta yi kazar nan. Muka zauna muka yi lissafi irin na kasuwa. Kaza guda, fulawa, ƙwai, kayan ƙamshi, sannan mai wanda zai rufe naman ruf, wato ya haura lita. Mai gidan abinci da man nan zai soya kaji da yawa a yini, kuɗinsa ya rabu a kansu. Ita kuwa kaza ɗaya za ta ɗauki kuɗin man duka. Abin da ya fito, kuɗin cefanen kwana uku ne a faranti guda. Wanda ya ga yadda shinkafa da mai suka yi tsada bayan rufe iyaka da Najeriya a watan Agustan 2023, ya san cewa cefanen kwana uku ba abin wasa ba ne a gidan talaka.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ban ga littafin ya taɓo ba. Ana koya wa mata haɗa mayonez da ɗanyen ƙwai. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa, abin da aka haɗa da ɗanyen ƙwai da hantsi, kafin la'asar ya zama abin kai yara likita. Don Allah mata a kiyaye wannan, ko a gida ko a teburin sayarwa.

Kada a ce na zo ɓata sana'ar wasu. Akwai alheri a cikin abin, kuma na gani da idona. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shiryenta na Hausa, har da na girki irin su Akushi da Rufi, sannan bidiyo ya yawaita a waya, mata da dama sun koyi kek da cincin da yawurt da lemun kwalba ba tare da sun taka ƙofar wata makaranta ba. Na san zawarawa da ke ciyar da marayu da abin da suka koya ta haka. Abin lura shi ne, waɗanda suka amfana da gani da ji suka koya, cikin Hausa, kuma galibi kyauta. Mafi yawan iyayenmu mata a karkara ba su yi lakwal ba, don haka littafi mai shafi ɗari da Faransanci ko Turanci ba su aka rubuta wa ba, ko da kuwa kuɗinsu aka karɓa. Tun watan Maris na 2025 doka ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Ya kamata masu sayar mana da ilimi su ma su ji labari.

In akwai waɗanda abin ya taɓa da gaske, to masu ƙananan kayan maƙulashe ne. Da can mace ɗaya ko biyu ke yin cincin da kek a unguwa, ana layi a ƙofarsu in salla ta matso ko za a yi biki. Yanzu kowane lungu akwai mai yi, tana ɗora hoto a waya, ana aiko yaro ya karɓa. Wadda ke zaune a kasuwa tana biyan tikitin magajin gari, tana biyan mai ɗaukar kaya, rana na dukanta. Ta cikin gida ba ta biyan ko dala. Wannan ƙorafi ne na gaskiya kuma na ji shi daga baki fiye da ɗaya. Sai dai ni ba zan goyi bayan a bi mata gida-gida da tikiti ba. Ko ba komai, cinikin da aka ƙulla ta waya ya rage yawan ƴan matan da ake ɗora wa faranti a tura su tasha talla har dare, kuma duk uwa ta san abin da nake nufi. Abin da ya dace a nema wurin hukumar gari shi ne tikitin da ake karɓa ya dawo a gani: rumfa, ruwa, shara, da wurin wanke hannu.

Yanzu bari in juyo gare ku masu kayan miya da kayan yaji, don ku ne nake ganin kasuwa ta buɗe wa ba ku lura ba. Duk matar da ta kalli bidiyon girki, ƙarshenta gabanku za ta zo. Tana zuwa da sunayen da ba ta iya faɗi ba, ku ce babu, ta tafi. Alhali abin da take nema sau da yawa yana cikin tirenku da sunansa na Hausa: citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, tattasai. Me zai hana ki zauna ki haɗa ƙulli-ƙulli, wannan na tsiren rabin kilo, wannan na farfesun kaza guda, wannan na dafa-dukan tiya ɗaya, kowanne da awonsa daidai? Sannan ki sa ɗiyarki ko jikarki ta ɗauki muryarki a waya, minti biyu, kina bayani da bakinki: ga lokacin da za a zuba, ga yawan ruwa da gwangwanin da kowa ya sani, ga yadda za a rage wuta in icce ne, ga yadda za a yi in gawayi ne. Duk wadda ta sayi ƙulli a tura mata muryar. Ba ta biya kuɗin littafi ba, ba ta nemi mai karanta mata ba, in kuma abin bai yi ba ta san rumfar da za ta dawo ta yi tambaya. Sirrin haɗinki kuma yana nan wurinki, tunda dakakke kika ba ta.

Masu gujiya da ƙuli-ƙuli da mai, ku ma haka. Yajin tsire ba ya yiwuwa sai da ƙuli-ƙuli, kuma ƙasar nan tamu ta gujiya ce tun kakanni. Abin kunya ne a ce matar Tasawa tana aikawa wani gari a sayo mata yaji a roba mai tambari, wanda da gujiyar irin tamu aka yi shi.

Ga wadda kuma ta ƙudura sai ta sayi littafin, ba zan hana ki ba, kuɗinki ne. Amma ki yi yadda kike yi in za ki sayi zane: a buɗe miki ki gani. Ki ce a turo miki girki ɗaya ki gwada kafin ki biya. Ki tambaya da wane harshe ne, da wane awo, kuma a kan wace irin wuta. Ki ƙirga kayan haɗin, ki ga nawa ne za ki samu a kasuwarku ba tare da kin ba direba saƙo ba. In mai littafin ta ƙi amsa waɗannan tun kuɗinki na hannunki, to kin san yadda za ta yi bayan sun koma nata.

Ƙanwata dai ta haƙura da kazar. Daga cikin littafin duka abu ɗaya ta ɗauka, wato jiƙa nama cikin nono da tafarnuwa da citta kafin a soya, kuma ta ce yana sa shi laushi ƙwarai. Da ta gaya wa wata tsohuwa mai abinci a unguwarsu, sai tsohuwar ta yi dariya ta ce ai da ta tambaye ta, da ta faɗa mata wannan a bakin rijiya, jika biyun kuma ta sayi mai da su.