Ɗalibina ya tambaye ni ko mene ne Burbon, na kuwa faɗa masa

Ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata koleji. Kwanakin baya muna darasin juyin juya halin Faransa na 1789 da ƴan ajin 4e, sai na rubuta sunan gidan sarautar da aka tumɓuke a kan allo: Bourbon, wanda muke furtawa Burbon. Wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ai wannan sunan giya ne. A fim ɗin Amurka kullum manyan mutane ita suke sha." Aji ya fashe da dariya. Da na tsawata masa mun wuce, da ba wanda zai ga laifina. Sai dai na ajiye alli na ba shi amsa, abin da bai kai minti goma ba.

Bayan kwana biyu mahaifinsa ya zo makaranta. Dattijo ne mai mutunci, bai ɗaga murya ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, karatu muka turo su koya. Yaushe sunayen giya suka shiga cikin darasi?" Na fahimci tsoronsa, domin ni ma uba ne, kuma giya haramun ce a wurina kamar yadda take a wurinsa. Amma har yanzu ina ganin amsar da na ba yaron ita ce daidai. Ga abin da na faɗa wa ajin, da ƙarin abin da lokaci bai bari na faɗa ba, iyaye da abokan aiki su yi hukunci.

Yaron bai yi kuskure ba, sunan ɗaya ne. Sarki Luwi na 16 ya taimaki Amurkawa da soja da kuɗi a yaƙin neman ƴancinsu daga Ingila. Don nuna godiya, a 1785 suka sa wa wata gunduma sunan gidansa, a yankin da ya zama jihar Kentaki a 1792. Babban garin gundumar Burbon ma Paris ake kiransa har yau. Manoman yankin masara suke nomawa, kuma fitar da buhunanta zuwa kasuwa mai nisa yana da wuya, sai suka riƙa mai da ita barasa suna ɗurawa a ganguna. Wasu masana na cewa daga wannan gunduma barasar ta samo sunanta, wasu na cewa daga titin Burbon na birnin New Orleans inda ake kai ta sayarwa. Ko wanne ne, asalin sunan gidan sarakunan Faransa ne. Aka fille kan sarkin a 1793, sunan gidansa kuwa ya ci gaba da yawo a jikin kwalba.

Wuski kowane iri hanyarsa ɗaya ce. Ana dafa hatsi, a sa masa yis ya yi tsami har sukarinsa ya koma barasa, a tafasa a kama tururin ya sake zama ruwa, sannan a ajiye shi cikin gangar itace. Wanda ya yi darasin kimiyya a lise ya san waɗannan matakai. Bambancin da ke tsakanin wani wuski da wani yana wuri uku: irin hatsin, irin gangar, da dokar ƙasar da aka yi shi.

Dokar Amurka ta ƙayyade wa Burbon sharuɗɗa da alƙaluma. Dole a yi shi a cikin Amurka. Ba lalle sai a Kentaki ba, ko da yake mafi yawansa daga can yake fitowa. Dole masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin, saura kuwa yawanci sha'ir ne da alkama ko wani hatsi ɗan'uwanta da ake kira rye, wanda Faransawa ke ce wa seigle. Ƙarfin barasar kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari lokacin da ta fito daga tukunyar tururi, kada ya wuce 62.5 lokacin ɗurawa a ganga, kuma kada ya kasa 40 a cikin kwalba. Gangar dole ta zama sabuwa, ta itacen oak, wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a yarda a ƙara masa launi ko ƙamshi ba, ruwa kawai. A 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin kayan da ya keɓanta da ƙasar.

Maganar gangar ita ta fi ba yara mamaki. Barasar da ta fito daga tukunya fara ce tas kamar ruwa. Jan launin da suke gani a fim daga ƙonannen itacen yake fitowa. Zafin bazara yana tura ruwan cikin jikin itacen, sanyin hunturu ya dawo da shi, shekara bayan shekara, yana kwaso launi da ɗanɗano. Tun da doka ta ce sabuwar ganga kawai, ba a maimaita ta wajen yin Burbon. Sai a sayar da tsofaffin, kowace tana cin wajen lita 200, kuma masu yin wuski a Sikotland suna cikin manyan masu sayensu. Dokar wata ƙasa ta zama arahar kayan aikin wata.

Na Sikotland nasa sharuɗɗan daban. Dole a yi shi a can, ya kuma kwana aƙalla shekara 3 a gangar oak, tsohuwa ko sabuwa. Wanda suka fi ji da shi daga sha'ir zalla ake yin sa, bayan an jiƙa shi ya yi tsiro. A wasu wurare, musamman tsibirin Islay, suna busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama da ruɓaɓɓun ciyayi suka tara, shi ya sa yake ƙaurin hayaƙi. An kuma yarda musu su ƙara ƙonannen sukari don daidaita launi, abin da aka hana masu Burbon. Na Ailan shi ma shekara 3 ne, kuma sau da yawa sau uku ake tafasa shi. A Amurka, idan hatsin rye ne ya kai kashi 51 a maimakon masara, sunan ya canja ya koma wuskin rye. Na jihar Tenesi, wanda Jack Daniel's ya fi shahara a ciki, kusan duk sharuɗɗan Burbon ya cika, sai dai ana tace shi ta cikin gawayi kafin a ɗura a ganga.

Me ya sa ake wannan ƙididdiga haka? Saboda ha'inci. A ƙarni na 19 ƴan kasuwar Amurka sukan sayi barasa mai araha, su zuba mata ruwan taba ko ƙonannen sukari ta yi ja, su sayar da sunan tsohon wuski. Masu yin na gaskiya suka kai kuka, har aka yi doka a 1897 wadda ta sa gwamnati ta tabbatar da shekarun kwalba da ƙarfinta da inda aka yi ta. Dokar tsabtar abinci da magunguna kuwa sai a 1906 ta zo. Ƙasar ta riga ta tsare mutuncin kwalbar wuski shekara 9 kafin ta tsare abin da yara ke ci. Wannan kaɗai ya isa darasin tarihi a kan wanda ake fara saurara idan za a rubuta doka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Wannan tsari na ɗaure sunan kaya da wurin da aka yi shi da yadda aka yi shi, shi ne wanda hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda Nijar ke cikinta, ta bi ta yi wa kilishin Nijar da jar albasar Galmi rajista. Yaron da ya gane dalilin da ya sa ɗan Japan ba zai rubuta Burbon a kwalbarsa ba, zai gane dalilin da ya sa albasar da aka noma a wata ƙasa ba ta da haƙƙin sunan Galmi. A cikin ajina akwai ɗiyan manoman albasa da ɗiyan mahauta.

Yanzu ga maganar mahaifin yaron, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Tsoronsa shi ne bayani yana sa abu ya zama sananne, sananne kuma yana daina ban tsoro. Akwai gaskiya a ciki. Malamin da ya tsaya yana kwatanta daɗin ɗanɗano ga yaro ɗan shekara 14 ya zama ɗan talla, kuma ya cancanci a tuhume shi.

Sai dai mu tuna wanda ya fara yi wa yaron magana. Kafin ni, fim ya riga ya koya masa darasi: mutum mai kwat da kuɗi da iko yana juya jan ruwa a kofi, ba ya layi, ba ya amai, matarsa ba ta kuka. Wayar da ke aljihunsa tana maimaita masa wannan darasi ba tare da ta nemi iznin kowa ba. Da na ce masa ya rufe baki, da hoton fim ɗin ne kaɗai zai saura a kansa, ya kuma koyi cewa akwai tambayoyin da ba a kawo wa manya. Gobe idan aboki ya miƙa masa wani abu a leda, ba ni zai tambaya ba, ba kuma babansa ba.

Shi ya sa ban tsaya a hatsi da ganga ba. Na koma allo muka yi lissafi tare. Santilita 4 na wuski mai kashi 40 yana ɗauke da santilita 1.6 na barasa zalla. Kwalbar giya ta santilita 33 mai kashi 5 tana ɗauke da 1.65. Kurɓa biyu ko uku na wannan daidai suke da kwalba guda ta waccan. Barasar da ke cikin Burbon mai tsada, da ta Sikotland, da wadda ake dafawa a bayan gari, sinadari ɗaya ce, etanol. Hanta ba ta karanta takardar jikin kwalba. Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa abin sha mai barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum kansa, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar wajen mutum miliyan 2.6 a 2019. Duk waɗancan dokoki na masara da itace suna kare sunan kayan da kasuwarsa ne, babu wadda ke kare mai sha. Lokacin da na gama, ajin ya yi shiru, shi kuma mai tambayar ya ce, "Ashe masara ce kawai, Mushe." Wannan kalma tasa ita nake nema. Abin da fim ya ɗora a kan kujerar sarauta ya dawo masara da ƙonannen itace da guba.

Ban ce a sa wuski cikin tsarin karatu ba. Abin da nake roƙon abokan aikina shi ne, idan yaro ya kawo irin wannan tambaya, a amsa masa a taƙaice, da gaskiya, a kuma kai amsar har ƙarshe, inda illar take. Iyaye kuma idan yaro ya dawo gida da irin wannan labari, a fara tambayarsa inda ya fara ganin abin kafin a nemi malamin da ya yi masa bayani. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya samu mai faɗa masa hanya.

Duk wannan na faɗa wa mahaifin yaron muna zaune a ƙarƙashin dogon yaron da ke farfajiyar makaranta. Bai ce ya yarda da ni ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To Malam, wane fim ne yake kallo haka?" Na ce masa, "Alhaji, ni ma ban sani ba. Shi za mu tambaya."