Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Idan Sabon Akwatin Kifi Ya Yi Hazo

Wannan makon maganarmu a kan akwatin gilashin nan ne na kiwon kifi, irin wanda ƙungiyar kimiyya ta makaranta kan tara kuɗi ta saya, ko wanda wasunmu ke ajiyewa a gida. Ranar farko ruwa garau. Bayan kwana biyu ko uku sai ya koma fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Nan take hankali ya tashi, a kwashe kifi, a zubar da ruwan duka, a wanke komai da omo. Sau da yawa wannan wankin ne ke kashe kifin.

Kafin mu taɓa komai, mu fara gano irin hazon. Mu ɗebi ruwan a kofin gilashi, mu ɗora a kan farar takarda, mu bar shi ya kwana. Idan da safe ƙasa ta kwanta a gindin kofin, ƙurar tsakuwa ce da ba a wanke sosai ba, kuma matatar ruwan akwatin za ta tace ta cikin 'yan kwanaki. Idan ruwan kore ne, gansakuka ce, hasken rana ya yi wa akwatin yawa, sai mu janye shi daga bakin taga. Idan kuwa fari ne kuma bai kwanta ba, to ƙwayoyin bakteriya ne, kuma shi ne aka fi gani a sabon akwati.

Daga ina suka fito? Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa a cikin ruwa. Bakteriyar da ke cin wannan ruɓaɓɓen abu tana hayayyafa cikin sauri, har yawanta ya sa ruwa ya yi fari. Wannan farin kan washe da kansa, galibi cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Babban haɗarin shi ne amoniya, gubar da kifi ke fitarwa, wadda ba ta da launi balle ido ya gan ta.

A nan darasin Bayoloji kan zagayen naitirojin yake shigowa. Akwai wasu bakteriya masu amfani, littafinmu ya kira su Nitrosomonas da Nitrobacter. Na farko suna mayar da amoniya naitirait, ita ma guba ce. Na biyu suna mayar da naitirait naitiret, wadda ba ta cutar da kifi sai ta taru da yawa. Waɗannan ma'aikata ba sa yawo a ruwa, suna manne ne a jikin tsakuwa da soson matata, kuma ba sa saurin yaɗuwa. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Duk ranar da muka wanke akwati tas, mun kore su, aiki ya koma farko.

To, me za mu yi?

Da farko, mu rage abinci. Sau ɗaya a rana ya isa, gwargwadon abin da kifin zai cinye cikin minti 2. Mu sa mutum ɗaya ya riƙa ba su, domin idan kowane ɗan aji ya zo ya yayyafa nasa, ruwa ba zai taɓa washewa ba. Kifi mai lafiya yana jure kwana ɗaya ko biyu ba abinci.

Na biyu, kada mu ƙara kifi yanzu. Sabon akwati da kifi kaɗan ake fara shi.

Na uku, mu riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Akwati mai lita 40, lita 10 ke nan. Idan ruwan famfo ne, yana iya ɗauke da kulorin mai kashe bakteriya da cutar da kifi, don haka mu sa maganin cire kulorin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa. In babu, mu bar ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya yi aƙalla awa 24.

Na huɗu, idan soson matata ya toshe, mu matse shi a cikin ruwan da muka ɗebo daga akwatin. Ban da sabulu, ban da ruwan zafi. Haka kuma alif ɗin da ake sa wa ruwan randa ya kwanta, kada ya shiga akwatin kifi, yana iya canza yanayin ruwan ya cutar da su.

Na biyar, iska. Bakteriyar da ta sa ruwan fari tana shaƙar oksijin kamar yadda kifin ke shaƙa, ga shi ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Mu bar matata da famfon iska a kunne dare da rana. Idan an ɗauke wuta, mu riƙa ɗibar ruwan akwatin da kofi muna kwararo shi daga sama lokaci-lokaci.

Haƙurin nan yana da iyaka. Idan muka ga kifi ya taso saman ruwa yana buɗe baki, ko ya lafe a ƙasa ya ƙi abinci, ko ruwan ya fara wari, ba lokacin jira ba ne. Mu canza rabin ruwan nan take, mu cire duk kifin da ya mutu da ragowar abinci, mu sanar da malamin Bayoloji.

Ga aikin mako: mu buɗe shafi a littafi, kullum mu rubuta kwanan wata, launin ruwan, yawan abincin da aka bayar da yadda kifin ke iyo. Bayan wata guda za mu ga zagayen naitirojin ya gudana a gabanmu, kuma idan tambayarsa ta fito a WAEC ko NECO, ba hadda za mu dogara da ita ba. Sai mako mai zuwa.