Illar Tamowa Ba Ta Ƙarewa da Ƙoshi

Yawancinmu da sikeli muke auna tamowa: da zarar yaro ya murmure ya yi kumari, sai mu ce ya warke. Binciken masana a kan dabbobi ya nuna cewa da sauran rina a kaba. Idan aka rage wa ɓera mai ciki abinci mai gina jiki, ko aka riƙa raba ta da 'ya'yanta na awa 3 kullum a makonni biyu na farko, sau da yawa 'ya'yan kan girma da alamun ciwon damuwa. Ba sa ɗokin ruwan sukari, wanda lafiyayyen ɓera ke rububinsa, kuma in an jefa su cikin ruwa sukan daina fafutuka da wuri. A 2004 ayarin Michael Meaney na Jami'ar McGill a Kanada ya gano abin da ka iya zama ɗaya daga cikin dalilan: 'ya'yan da uwarsu ba ta yawan lasar su, ƙwayar halittar da ke kwantar da sinadarin firgici a ƙwaƙwalwarsu takan raunana, sai su girma a tsorace.

Wani zai ce ɓera daban, mutum daban, kuma masanan kansu suna jayayya a kan gwajin jefa ɓera cikin ruwa, domin wasunsu na ganin ɓeran tanadin ƙarfi kawai yake yi. Wannan magana ce mai nauyi, amma tarihin mutane ya goyi bayan binciken. Waɗanda suke cikin mahaifa lokacin yunwar Holand ta 1944 zuwa 1945 sun fi takwarorinsu kwanciya asibiti da ciwon damuwa bayan sun girma. A Barbados kuma, mai bincike Janina Galler ta bi yaran da suka yi tamowa a shekararsu ta farko, ta tarar alamun damuwa sun fi yawa gare su lokacin ƙuruciya, duk da cewa sun daɗe da samun abinci.

Wani kuma zai ce ashe ƙaddara ta riga fata. A'a. Da ayarin Meaney ya ba uwa mai yawan lasa rainon 'ya'yan uwa marar kula, sun tashi da natsuwa. Ashe kulawa ma magani ce. Don haka a jihohinmu da tamowa ta yi katutu, rabon abinci kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne hukumomi da magidanta su ciyar da mai juna biyu, su sauke mata wahala, su ba mai jego kwanciyar hankalin rungumar ɗanta tun daga ranar farko.